Amsoshin Tambayoyinku: Me ke sa maharbi ya ga nama ya ƙyale?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau dawa za mu shiga. Wasiƙu uku suka zo mana a kan farauta, daga garuruwa uku, amma idan ka karanta su a jere sai ka rantse masu su sun yi shawara kafin su rubuto.

Ta farko ta fito ne daga wani matashi a Azare, jihar Bauchi. Ga abin da yake cewa: "Na kalli wani bidiyo a YouTube. Wani Ba'amurke yana zaune a kan bishiya da bindiga, barewa mai ƙaho ta zo ƙarƙashinsa tana kiwo. Ya saita ta, sai kuma ya sauke bindigar yana murmushi har ta wuce. Tsoro ne, ko doka ce, ko ƙoshi?"

To malam, ba tsoro ba ne. Amma bari mu fara da dabbar, don kama da wane ba ta wane. Muna kiranta barewa ne kawai saboda ba mu da ita a ƙasar Hausa balle mu raɗa mata suna. Wadda ka gani, mai yiwuwa ita ce mai farin bindi, wadda aka fi farauta a Amurka, inda ake harbe wajen miliyan 6 a kowace shekara. Ƙahon barewarmu da na gada da na gwanki, in ya fito ya fito ke nan har mutuwa. Ita kuwa wannan, namijin ne ke da ƙaho, ƙahon ƙashi ne zalla mai rassa kamar busasshen itace, kuma kowace shekara, tsakanin Janairu da Maris, sai ya faɗi ƙasa wani sabo ya tsiro. Galibi sabon yakan fi na bara girma, har sai dabbar ta kai shekara biyar ko shida.

A nan lissafin yake. Ana haihuwarsu a watan Mayu ko Yuni, farauta kuma ta fi ƙarfi a Nuwamba, don haka duk wanda maharbi zai gani, ko ɗan wata shida ne, ko mai shekara ɗaya da rabi, ko biyu da rabi, haka dai. Mai shekara ɗaya da rabi ba ya ɓuya: wuya siriri, ciki a ɗame, ƙafafu dogaye kamar na aro, kai ka ce mace ce aka ɗora wa ƙaho. Wanda ya kai huɗu da rabi kuwa, wuyansa ya kumbura ya haɗe da ƙirji, tumbi ya sauko, ƙafafun ma sai su yi kamar sun gajarce. Mutumin da ka gani a kan bishiya wannan yake karantawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, zuciya na bugawa, yatsa a kusa da kunama. Ya ga yaro ne, ya bar shi ya ƙara shekara.

Da can ba haka suke yi ba. A 1989, kashi 62 cikin 100 na mazan da aka harbe a Amurka 'yan shekara ɗaya da rabi ne. Zuwa 2020 adadin ya sauko kashi 26 cikin 100. Wata ƙungiyar mafarauta da wani masanin namun daji, Joe Hamilton, ya kafa a jihar South Carolina a 1988 ta taka rawa sosai wajen wannan sauyi, don ta yi ta wa'azin a bar ƙananan maza su girma, a rage yawan matan. Wasu jihohin kuma suka mayar da abin doka. A Pennsylvania, tun 2002 sai namiji yana da rassa aƙalla uku a ƙaho ɗaya kafin a harbe shi. Kada ka ɗauka an karɓi wannan da hannu biyu. Jami'in da ya jagoranci sauyin, Gary Alt, sai da ta kai shi ga sa rigar sulke idan zai je taron mafarauta, tsabar zafin da kawuna suka ɗauka.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi, kuma tambayarta ta taɓa ni. Ta ce mahaifinta maharbi ne, kuma tun tana ƙarama take jin yana cewa wanda ya kashe mace ya kashe garke. "To yaya aka yi na ji an ce hukuma a Amurka har roƙon mafarauta take su harbi mata? Ina tausayi?"

Hajiya, mahaifinki ya yi gaskiya, kuma kakannin Amurkawan ma abin da suka ce ke nan. Wajen shekarar 1900, masu farauta don sayar da nama da fata sun kusa ƙarar da wannan dabba, har aka ƙiyasta ba su wuce dubu 500 ba a duk faɗin ƙasar. Sai aka tashi tsaye. Aka hana fataucin naman daji, aka sa lokacin farauta, kuma jihohi da dama suka haramta taɓa mace, kamar yadda Pennsylvania ta yi a 1907. A 1937 aka yi dokar da ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kula da namun daji, harajin da a yau yake kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta. Dabbar kuma mai albarka ce, mace mai ƙoshi tagwaye take haifa kusan kowace shekara. Yau ana maganar wajen miliyan 30.

Sai dai gyaran ya zo da nasa ciwon. An riga an kashe kyarkeci da sauran masu cin nama a yawancin dazuzzukan, ba mai rage su sai mutum. Tun da wuri an ga aya a tsaunin Kaibab na jihar Arizona. A 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya killace wurin, aka hana farautar wata 'yar'uwar wannan barewa mai manyan kunnuwa, aka bi maƙiyanta aka kashe. Suka hayayyafa, suka cinye toho da ganye iya inda bakinsu ya kai, sannan daga hunturun 1924 suka dinga mutuwa da yunwa dubbai dubbai. Har yau idan ka shiga dajin da suka yi wa yawa, za ka ga ƙasan bishiyoyi fayau kamar an share, ba ƙaramin itace ko ɗaya da zai gaji manya. Ga ɓarnar gonaki, ga karo da motoci fiye da miliyan ɗaya a shekara. Harbin maza kaɗai ba ya rage garke, tunda namiji ɗaya yana iya barbarar mata da yawa. Shi ya sa a 1996 jihar Wisconsin ta kawo tsarin sai ka harbi marar ƙaho kafin a ba ka izinin mai ƙaho. Mafarauta sun ƙi jinin tsarin, har aka soke shi a 2011. Abin da uba ya koya wa ɗa da sunan tausayi ba ya fita a rai don hukuma ta canza takarda.

Kuma ko a cikin matan akwai zaɓi. Ki ɗauka asuba ce, sanyi na ratsa ƙashi, raɓa ta daskare a kan ciyawa, sai ga wata marar ƙaho ta fito fili ita kaɗai, ba ta ko waige. Sabon shiga zai ɗana. Gwani kuwa zai dakata, don ya san sau da yawa wanda ke fara fitowa gaba gaɗi ɗan namiji ne mai wata shida, wanda ƙahonsa bai wuce ƙululu biyu a ƙarƙashin gashi ba. Zai duba fuska: ta ɗan gajera ce, goshi a baje, ta uwa kuwa doguwa ce, kan a zagaye. Zai jira sauran su fito ya gwada girmansu. Uwar takan zo daga baya, tana tsayawa, tana kaɗa kunne, tana shaƙar iska. A lokacin 'ya'yan sun daɗe da iya kiwo da kansu, don haka aka ajiye farautar a ƙarshen shekara.

Wasiƙa ta uku jika ne ya rubuta a madadin kakansa, wani dattijon maharbi daga yankin Dakoro. Baba ya ce yana saurayi ba ya dawowa gida hannu rabbana, kuma yawan abin da ya kashe shi ne abin alfaharinsa a dandali. Yanzu kuwa yakan yini a dawa, ya ga sawu, wani lokaci ya ga naman ma, ya dawo bai yi harbi ba, ransa fes. 'Ya'yansa na cewa tsufa ne. Yana tambaya, shin haka abin yake ga maharban wasu ƙasashe?

Baba, Allah ya ƙara girma. Ba ku kaɗai ba ne. A ƙarshen shekarun 1970, malamai biyu na Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse, Robert Jackson da Robert Norton, sun tattauna da mafarauta fiye da 1,000, suka ga yawancinsu hanya ɗaya suke bi. Da farko yaro ƙarar bindiga kawai yake son ji, ko ya samu ko ya kuskure. Daga nan sai son yawa, ya cike duk adadin da lasisi ya ba shi. Sai lokacin da yawan ya daina burge shi, ya koma neman babba guda ɗaya, yana iya ƙyale goma don jiran wani tsoho da ya daɗe yana bibiya. Bayan wannan wasu sukan ajiye bindiga mai hangen nesa su ɗauki kwari da baka, don su ƙure kansu, sai sun matso taku ashirin ko talatin. A ƙarshe kuma sai mutum ya kai inda fitar ita ce farautar: hasken asuba, hira da abokai, da zama kusa da jika ana nuna masa yadda ake karanta iska.

Ni dai a ganina ba tsani ba ne da kowa ke hawa. Akwai magidanta da yawa a karkarar Amurka da nama ne ke kai su daji daga ƙuruciya har tsufa, mace biyu a firiza ita ce cefanen hunturu, kuma ban ga abin raini a nan ba. Matakin neman babban ƙaho ma yana da nasa aibin. Ya kai ana yi wa yaro gori a intanet don ya harbi ƙaramin namiji a fitarsa ta farko, abin da ya kamata a taya shi murna. Sannan daji kansa yana juya lissafi. Akwai wata cutar ramewa mai cin ƙwaƙwalwa, marar magani, da aka fara ganowa a Colorado a 1967, ta ɓulla a Wisconsin a 2002, kuma ta fi kama manyan maza. Saboda ita, jihohi irin su Missouri sun ɗage dokar ƙirga rassan ƙaho a yankunan da cutar ta shiga. Namijin da aka ce jiya a ƙyale, yau ana cewa a harbe.

Amma Baba, akwai abin da nake so jikanku ya karanta muku a hankali. Ba'amurken da ke harbin mace yana yi ne a dajin da nama ya yi wa yawa. Namu dajin yana inda nasu yake a 1900, ko ma ƙasa da haka. Mariri, farin naman nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu da ya taɓa cika Sahel, a shekarar 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a daji baki ɗaya, sai a 2016 aka fara dawo da waɗanda aka kiwata a waje zuwa Chadi. Gandun Termit da Tin Toumma da Nijar ta kafa a 2012 yana riƙe ne da ɗan abin da ya saura na wasu ire-iren namun daji. Don haka ranar da kuka ga barewa kuka sauke bindiga, idonku ne ya ga abin da 'ya'yanku ba su gani ba, domin kun san yadda garken yake a da, kun kuma san yadda ya koma.

Muna roƙon jikan Baba ya zauna da shi ya rubuto mana sunayen namun da yake gani a dajin Dakoro yana saurayi waɗanda yanzu ko sawunsu babu, da shekarar da ya yi wa kowanne ganin ƙarshe in zai iya tunawa. Za mu karanta a wannan fili in Allah ya kai mu. A nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.