Darasi: Yadda ake zaɓen sabuwar sarƙa ga ƙaramin injin zarto

Assalamu alaikum, masu sauraro na cikin birnin Maraɗi da na karkara. Darasinmu na yau na masu aiki da ƙaramin injin zarto ne, irin wanda ake sassabe rassan gawo da shi a gona, ko rage wa dogon yaro kai a ƙofar gida, ko daddatsa itacen wuta. Sarƙa ita ce abin da ya fi saurin ƙarewa a jikin wannan inji, kuma wurin sayen sabuwa ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu, domin sukan je kasuwa su faɗa wa mai shago tsawon takobin injin kawai, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa, shi kuwa ya miƙo musu abin da ya samu.

Tsawon takobi bai isa ba. Injuna biyu suna iya kasancewa da takobi mai santimita 35 kowannensu, amma sarƙar ɗaya ta ƙi hawa ɗayan. Awo uku ne suke tantance sarƙa, kuma wajibi ne dukansu su dace da injinka a lokaci guda.

Na farko shi ne tazarar gaɓoɓi. Idan ka shimfiɗa tsohuwar sarƙarka a kan tebur, za ka ga ƙananan ƙusoshi da suka haɗa gaɓoɓinta. Ka auna daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta uku, ka raba abin da ka samu biyu, wannan ita ce tazarar. Da inci ake rubuta ta ko da a kan kayan da suka fito daga Turai, saboda haka sai mu mayar da ita milimita don sauƙin awo. Idan tsakanin ƙusoshi ukun ya kai kusan milimita 19, sarƙarka 3/8 ce. Idan ya tsaya a wajen 16.5, to .325 ce. Idan kuwa 12.7 ne, 1/4 ce, wadda aka fi gani a kan ƴan ƙananan injuna masu batir da ake riƙewa da hannu ɗaya.

A nan akwai tarkon da ya kamata a yi hattara da shi. Sarƙa mai lamba 3/8 iri biyu ce: akwai babba ta manyan injuna, akwai kuma mai gajerun haƙora da aka yi domin ƙanana, wadda ake rubuta wa 3/8 LP, kamfanin Stihl kuma yana rubuta mata 3/8 P. Mafi yawan injunan da ƙarfinsu bai wuce cc 40 ba, mai gajerun haƙoran suke amfani da ita. Awon ruler ba zai bambanta maka su sosai ba, sai ka duba haruffan da ke biye da lambar, ko ka jera tsohuwa da sabuwa ka kwatanta tsayin haƙoransu. Babbar ba za ta zauna daidai a kan faifai mai haƙora da ke jan sarƙa ba, kuma ko an tilasta mata, ƙaramin inji ba shi da ƙarfin ja mata.

Awo na biyu shi ne kaurin harshe. A ƙarƙashin sarƙa akwai ƴan harsuna da suke shiga cikin kwarin takobi, su ne faifan nan yake kamawa ya juya sarƙar. Kaurinsu huɗu aka fi sani: milimita 1.1, 1.3, 1.5 da 1.6, waɗanda a inci ake rubuta su .043, .050, .058 da .063. Ƙananan injuna galibi 1.1 ne ko 1.3. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyun ido ba ya ganinsa, amma inji yana jinsa. Idan harshen ya fi kwarin kauri, ba zai shiga ba, kuma wannan ita ce matsala mai sauƙi, tunda nan take za ka gane ka koma shago. Wadda ta fi muni ita ce idan ya fi kwarin siranta, domin zai shiga lafiya lau, ka ɗauka ka dace, sai sarƙar ta riƙa rangaji hagu da dama, yanka ya karkace, gefen kwarin ya cinye, wata rana kuma ta tsinke ko ta fice tana cikin gudu. Masu Stihl suna da sauƙi a nan, saboda kamfanin yana buga lamba guda a jikin harshen: 1 na nufin 1.1, 3 na nufin 1.3, haka 5 da 6. Kamfanin Oregon kuwa yakan buga 90 ga 3/8 LP mai kaurin 1.1, ya buga 91 ga mai kaurin 1.3.

Na uku ba ya bukatar wani ma'auni, ƙirga kawai yake bukata: yawan harsunan. Ka ɗaura zare a kan harshe ɗaya domin kada ka manta inda ka fara, ka ƙirga su duka har ka zagayo. Harsuna ake ƙirgawa, ba haƙora ba. Misali, Stihl MS 180 mai takobin santimita 35 yana ɗaukar harsuna 50, mai santimita 40 kuma 55, alhali injuna da yawa na wasu kamfanoni masu wannan tsawon suna ɗaukar 52 da 56. Harshe ɗaya idan ya ƙaru, sukurun ɗaure sarƙa zai iya kaiwa ƙarshensa ba tare da ta ɗauru ba. Idan ya ragu, ƙila ba za ta zagaye takobin ba sam.

Sau da yawa duk waɗannan lambobi uku suna nan a buge a gindin takobi, wajen da murfi yake rufewa. Ka kwance murfin, ka goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, za ka gan su. Sai dai injuna da dama da ake shigowa da su daga Sin ba su da wannan rubutu, ko kuma fenti ne aka yi shi da shi ya goge, wasu kuma an riga an sauya musu takobi tun kafin su zo hannunka. Shawarata ita ce, ko za ka saya a babbar kasuwar Maraɗi ko za ka yi saƙo Katsina ko Kano, ka tafi da tsohuwar sarƙar tare da takobin, ko ka ba ɗan saƙon su, a gwada sabuwar a cikin kwarin kafin a biya kuɗi. Hoto a waya ba ya nuna kauri.

Bayan awo ya dace, saura siffar haƙori, kuma a ganina nan ne yanayin ƙasarmu yake da magana. Akwai haƙori mai kusurwa tsaye, akwai mai kusurwa a lanƙwashe. Mai kusurwa tsaye ya fi sauri a cikin itace mai tsabta, shi ya sa mai shago zai iya yabon sa, amma tsininsa ba ya jure yashi ko kaɗan. Mu kuwa itacenmu, daga lokacin hunturu har zuwa faɗuwar damina, ɓawonsa cike yake da ƙura, busasshen icen da ya kwanta a ƙasa kuma gara ta riga ta shafe shi da laka. Ga itatuwa masu tauri irin su ƙirya da aduwa. A irin wannan aiki, mai lanƙwasar ya fi daɗewa da kaifinsa kuma ya fi sauƙin wasawa da hannu, saboda haka shi nake ba mai ƙaramin inji shawara ya ɗauka. Ga wanda bai daɗe da fara aikin ba, ya nemi wadda take da ƙarin tudu a gaban kowane haƙori, domin tana rage tutsun da inji yake yi idan hancin takobi, wato ƙarshensa na gaba, ya taɓa ice, ya zaburo sama kamar dokin da aka tsorata. Ba ta hana tutsun gaba ɗaya, ragewa kawai take yi.

Ka sayi magagari tare da sarƙar, kuma shi ma da awonsa: mai milimita 4 na 3/8 LP ne, mai 4.8 kuma na .325. Idan ya yi girma ko ya yi ƙanƙanta, zai ɓata siffar haƙorin tun wasawar farko.

Kafin ka ɗora sabuwar, ka dubi faifan da ke janta. Idan harsunan tsohuwar sun haƙa masa rami mai zurfin da ya wuce rabin milimita, ka sauya shi, in ba haka ba zai lalata sabuwar cikin ɗan lokaci. Ƙa'idar da masu ƙera injin suke bayarwa ita ce faifai ɗaya ga sarƙa biyu. Ka yashe kwarin takobin da ƴar hudar da mai ke bi, ka zuba mai mai tsabta, ka guji baƙin man da aka juye daga mota ko babur, saboda garin ƙarfen da ke cikinsa yana cin famfon mai da takobin duka.

Wurin ɗorawa, injin a kashe, hannu da safa, bakin haƙoran da ke saman takobi kuma ya fuskanci gaba, wajen hanci. Ka ɗaga hancin sama kaɗan kana ɗaurewa, har sarƙar ta manne wa ƙasan takobin amma tana iya zagayawa idan ka ja ta da hannu. Sabuwar sarƙa tana saki da wuri, don haka bayan yanka kaɗan na farko ka kashe injin, ka bari ta huce, ka sake duba ɗaurin kafin ka ci gaba da aiki.