Yadda Kalma Take Share wa 'Yar'uwarta Fage a Ƙwaƙwalwa

A shekarar 1971, wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, David Meyer da Roger Schvaneveldt, sun zaunar da mutane suna nuna masu jerin haruffa bibbiyu, kuma abin da aka nema daga kowa shi ne ya danna maɓalli cikin hanzari ya nuna ko kalmomin gaske ne ya gani ko haruffa ne kawai aka jera ba ma'ana. Sai aka lura cewa idan kalmomin biyu suna da dangantaka, kamar nas da likita, amsa tana zuwa da wuri fiye da idan babu abin da ya haɗa su. Bambancin bai wuce kimanin milisakan 85 ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, amma ya yi ta maimaituwa a gwaje-gwajen da suka biyo baya, a harsuna daban-daban, har ya zama ɗaya daga cikin tabbatattun sakamako a wannan fanni. Ana iya kiran abin sharar fage ta ma'ana: kalmar farko tana buɗe wa ta biyu hanya tun kafin ta iso.

Kafin mu ci gaba, ku saurari waɗannan kalmomi, ku riƙe su a ka, domin za mu dawo kansu: gado, hutu, gajiya, mafarki, bargo, minshari, hamma, gyangyaɗi.

Bayanin da ya fi shahara shi ne na Allan Collins da Elizabeth Loftus a 1975. A ganinsu, kalmomi suna zaune a ƙwaƙwalwa kamar ƙulle-ƙullen raga, ta yadda idan aka taɓa ƙulli ɗaya motsin zai ratsa zuwa na kusa da shi, yana raguwa gwargwadon nisa. Sai dai akwai tambayar da wannan bayani bai rufe ba: shin abin yana faruwa ne da kansa, ko kuwa mai karatu ne yake hasashen kalmar da za ta biyo?

James Neely ya raba wannan gardama a 1977 da wata dabara mai ban sha'awa. Ya gaya wa mahalarta cewa duk lokacin da suka ga kalmar jiki, su sa ran sunan wani ɓangare na gini ne zai biyo, kamar ƙofa. Idan tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu gajeriya ce, milisakan 250, ganin kalmar jiki yana sauƙaƙa gane kalmar zuciya duk da umarnin da aka ba su. Idan kuwa aka jinkirta har sakan biyu, sai lamarin ya juya: ƙofa ce take zuwa da sauri, zuciya kuma ta yi nawa. Ke nan hanyoyi biyu ne suke aiki, ɗaya mai sauri wadda ba ta neman izinin mutum, ɗaya kuma mai tafiya a hankali wadda take bin abin da ya sa a ransa. A 1980 Marta Kutas da Steven Hillyard suka ƙara da shaida daga motsin lantarki na ƙwaƙwalwa, inda suka gano wata alama da ake kira N400, wadda take ƙaruwa kimanin milisakan 400 bayan kalmar da ba ta dace da ma'anar jimla ba.

Yanzu ku tambayi kanku: a cikin jerin da kuka ji ɗazu, akwai kalmar barci? Babu ita. Idan har kun ji kamar an ambace ta, ba ku kaɗai ba ne. James Deese ya fara lura da haka a 1959, sannan Henry Roediger da Kathleen McDermott suka farfaɗo da gwajin a 1995, suka tarar mutane suna kawo kalmar da ba a faɗa ba a kusan rabin lokuta, da yawa kuma suna cewa sun tuna lokacin da aka furta ta. Kowace kalma a jerin ta ɗan motsa kalmar barci a ƙwaƙwalwa, motsin ya taru, har ƙwaƙwalwa ta kasa bambance abin da kunne ya ji da abin da ita ta tayar. Hanyar da take sa mu karatu da sauri ita ce dai take iya cusa mana tunawa da abin da bai faru ba.

Akwai inda ya kamata a taka a hankali. A 1996 John Bargh da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa ɗaliban da aka nuna wa kalmomi masu alaƙa da tsufa sun rage saurin tafiya bayan sun fito daga ɗakin gwaji. Labarin ya yaɗu ƙwarai, amma da Stéphane Doyen da tawagarsa suka sake gwajin a Beljiyam a 2012, suna auna tafiyar da na'ura, ba su ga wannan bambanci ba. A nawa ra'ayin, kuskure ne a haɗa wannan gwaji da na gane kalmomi a ma'auni ɗaya, domin da'awar cewa kalma tana sauya tafiyar mutum har yanzu tana neman hujja, alhali tasirinta a kan saurin gane wata kalma an auna shi sau da dama cikin fiye da shekaru 50.