Yadda "put off" ta ci mini riyal 300 tsakanin Madina da Jidda

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Ina yi muku magana daga ɗakina a Jidda, kuma har yanzu haushi bai sake ni ba, domin wasu kalmomi biyu na Turanci da na ɗauka na san su tun ina firamare a Kano sun kunyata ni a gaban shugabana na wurin aiki.

Ranar Larabar da ta wuce ya turo mana saƙo ta WhatsApp a kan jarrabawar ƙarin girma da aka shirya za mu yi washegari. Abin da ya rubuta shi ne, "The test has been put off." A Turancin da na tashi da shi, idan malami ya ce "put off the fan", nufinsa a kashe fanka, saboda haka sai na yanke wa kaina hukunci cewa an kashe maganar jarrabawa ke nan. Na rufe littattafai, na hau jirgin ƙasa na Haramain zuwa Madina, da niyyar in haɗa hutun Juma'a da Asabar da wani kwana ɗaya da nake bin su. Ranar Lahadi da hantsi, wadda ita ce farkon makon aiki a ƙasar nan tun 2013, ina zaune a harabar Masallacin Annabi sai ga waya ana tambaya ko na shirya, wai da la'asar za a zauna. Tsakanin sabon tikiti da kuɗin tasi, riyal 300 suka tafi, kuma na shiga ɗakin jarrabawa ina haki.

Ashe a daidaitaccen Turanci, ma'anar farko ta "put off" ita ce ɗagewa, wato a matsar da abu zuwa wani lokaci a gaba, kamar yadda aka ɗage gasar cin kofin Afirka ta 2021 a Kamaru zuwa watan Janairun 2022, aka kuma buga ta har Senegal ta ɗauki kofin. Idan sokewa ake nufi, "call off" ko "cancel" ake cewa. Kalmomin da ke iya maye gurbinta su ne "postpone", wadda aka fi gani a wasiƙun ofis, da "defer", wadda ta fi dacewa da biyan bashi ko shiga makaranta, sai kuma "delay", ko da yake ita wannan ta fi karkata ga jinkiri, sau da yawa wanda ba a so. Kashe fitila ko na'urar sanyaya ɗaki kuwa "turn off" ko "switch off" ne, wuta mai ci da taba sigari kuma "put out". Namu "put off the light" na gida ne, kuma a gida ya kamata a bar shi.

Abin da ya ƙara ba ni takaici shi ne, da da Larabci aka rubuto saƙon, da ban ruɗe ba. Balarabe yana cewa ta'ajil idan ɗagewa ce, ilga'i idan sokewa ce, kuma ta'ajil ɗin nan tushensu ɗaya da kalmarmu ta ajali, wato lokacin da aka ƙayyade. Mu ma a Hausa babu mai haɗa ɗage biki da fasa biki, ko yaro ya san na farko da sauran shinkafa a gaba.

Wani abokin aikina ɗan Ingila ne ya zaunar da ni ya ƙarasa mini sauran. Idan aka sa mutum a tsakiya, ma'ana takan juya gaba ɗaya. "The smell put me off the food" na nufin warin ya sa abincin ya fita raina, daga nan ne ma aka samo siffar "off-putting" ga duk abin da ke korar sha'awa. Idan kana lissafi wani yana surutu a kanka, kana iya cewa "you are putting me off", wato kana ɗauke mini hankali. Akwai kuma ta mai bashi: "he keeps putting me off", wato yana ta yi mini je-ka-ka-dawo, halin da duk wanda ya taɓa ba da rance a Shara Mansur ta Makka ya san ɗacinsa.

Ina gargaɗin masu shirin zuwa aiki nan da abu biyu da na ga suna kayar da mu. Wakilin suna a tsakiya yake zama, "put it off" ake cewa, ba "put off it" ba, sannan aikatau da ya biyo baya da "ing" yake ƙarewa, kamar "I put off going to the hospital". Kuma duk wanda ya ga saƙo irin nawa babu sabuwar rana a ciki, ya ɗaga waya ya tambayi yaushe aka mayar da abin kafin ya sayi tikitin ko'ina.

Sakamakon jarrabawar dai an ce ranar Talata zai fito, amma ɗazu da azahar wani saƙon ya sake shigowa daga shugaban namu, kuma da waɗannan kalmomi biyun ya zo. Wannan karon ina nan Jidda, ban je ko'ina ba.