Daga Dakar, zuwa ga masu neman aikin kwamfuta a Yamai

Assalamu alaikum mutanen Yamai da na Tawa. Yau raina a ɓace na kunna wayar nan. Wani ƙanena da ya kammala karatun kwamfuta ya sayar da babur ɗinsa ya biyo mota har nan Dakar, ya yi ta kai takardu ofis-ofis, sai jiya wani kamfani ya aiko masa da amsa cewa gurbin na sabon shiga ne, amma wanda ya yi shekara uku a bakin aiki suke so. Yaron da ba a taɓa ba shi kujera ba, a ina zai samo shekara uku?

Ban ce babu aiki a garin nan ba. A 2021 kamfanin Wave mai tura kuɗi ta waya, wanda kusan kowane mai shago yake karɓar kuɗi da shi, ya tara dalar Amurka miliyan 200 daga masu zuba jari, a shekarar ne kuma gwamnatin Senegal ta buɗe babbar cibiyar adana bayanai a Diamniadio, kusa da Dakar. Labarin wancan lokacin ne har yanzu yake yawo a majalisun shayi na Yamai, shi ne kuma yake taso yara. Amma daga 2023 jarin da ke shigo wa sababbin kamfanonin fasaha na Afirka ya ja baya, kamfanoni da dama suka rage ma'aikata, waɗanda aka sallama kuwa gogaggu ne, su ne yanzu suke layi ɗaya da ɗalibin da ya fito bana. Ƙananan ayyukan da ake koya wa sabon shiga hannu da su a dā, yau babban ma'aikaci yana gama su da taimakon ƙirƙirarriyar basira kafin azahar. Abin da nake ganin ana nema ido rufe shi ne masu haɗa manhaja da hanyoyin biyan kuɗi ta waya, da masu tsaron bayanai, da masu iya kula da manyan na'urorin da bankuna da kamfanonin sadarwa suka dogara da su.

Na zauna cikin masu tantance sababbin ma'aikata a wurin aikinmu, don haka abin da idona ya gani zan faɗa. Matashi zai shigo rungume da takardun shaidarsa, kowace a cikin ledarta, ya ajiye su a kan tebur da ladabi, har ya fita babu wanda ya buɗe su. Kwamfuta ake turo masa, a nuna masa manhajar da ke cire wa mai saye kuɗi sau biyu, a ce ya gano inda matsalar take cikin awa ɗaya, bayan haka a nemi ganin shafinsa na GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja suke ajiye ayyukansu. Mafi yawan bayanan da zai duba don warware matsalar da Ingilishi aka rubuta su, kuma a nan ne yaranmu masu kaifin kai suke tsayawa cik, domin da Faransanci aka koyar da su tun daga firamare.

Wanda ya tsallake wannan, sau da yawa horon aiki ake fara ba shi, da ɗan abin da bai wuce kuɗin mota ba. Ni ɗakina a unguwar Grand Yoff jika saba'in nake biya duk wata, kafin in shiga kuma sai da na ba da kuɗin ajiya da la'adar dillali. Kuɗinmu ɗaya da mutanen Senegal, sefa ce, amma abin da zai riƙe mutum mako guda a unguwar Boukoki ta Yamai, a nan kwana biyu zai yi ya ƙare.

Abin da yake sanyaya mini rai shi ne ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Makarantar sadarwa ta ESMT da ke nan Dakar, wadda aka kafa a 1981, Nijar na cikin ƙasashe bakwai da suka assasa ta, kuma duk inda na sami ɗan Nijar a ofis, shaidar da nake ji a kansa ita ce riƙon amana da haƙuri. Idan muka haɗu ranar Juma'a muka yi Hausarmu, sai kewar gida ta taso mini, in riƙa tunanin ranar da za mu yi wannan aikin a bakin kogin Kwara.

Ƙannena, kada kowa ya sayar da abin hannunsa ya taho da takarda kaɗai. Intanet ɗin Starlink ya shigo Nijar a 2025, ga cibiyar CIPMEN mai renon sababbin kamfanoni a Yamai, ga Jami'ar Abdou Moumouni, ga ta Djibo Hamani a Tawa. Na san ɗauke wuta lokacin zafi yana karya gwiwa, amma ku nemi wani mai kantin magani ko ɗan kasuwa a Katako, ku gina masa manhajar lissafin kaya da bashi, ku bi ta har ta yi wata shida tana aiki, ku kuma tilasta wa kanku karanta Ingilishi kullum. Wannan ne abin da za ku nuna idan an tambaye ku gogewa. Sannan duk wanda ya ce muku a WhatsApp yana da gurbi a Dakar, ku fara aiko da kuɗin buɗe fayil, kada ku tura masa ko dala, domin na san mutum biyu daga Tawa da aka cuta ta haka, har yau lambar a kashe take.