Wai Abin da Ka Saya da Kuɗinka Ba Ya Ci?

Wani malamin tarihi ne ya gabatar da wannan lacca a wani zauren karatu a Tudun Wada, Kaduna. An ɗauke ta a waya, aka rubuta, aka rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan uwa, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan wani camfi da kusan kowa a nan ya taɓa ji. Wai carbin da ka saya da kuɗinka bai kai wanda aka ba ka albarka ba. Wai laya ba a taya ta, in ka taya ta karye. Wai farin wurin da ake duba da shi sai an gada ko an damƙa maka a hannu, in ka je kasuwa ka sayo, ƙarya zai riƙa gaya maka. Ku lura, na haɗa carbi da wurin duba a numfashi guda, alhali a addini ba ɗaya ba ne, ko kusa. Camfin ne ya haɗa su, ba ni ba.

Bari mu fara da abin da ya fi tsarki. Ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka tsaya gaban mai sayar da littattafai, ka ɗauki Alƙur'ani. Ba za ka ce nawa ne kuɗinsa ba. Sai ka ce, "Malam, nawa ne hadiyarsa?" Ya faɗa. Ka ce a rage. Ya ce albarka. Ka ajiye kamar za ka tafi, ya ce dawo, kawo. Ka ƙirga, ya ƙirga, ya ba ka canji. To don Allah me ya rage a ciniki? (Dariya.) Amma kada ku raina wannan ladabi, yana da tushe. An ruwaito cewa wasu sahabbai, cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar, sun ƙyamaci sayar da mus'hafi, kuma Imam Ahmad ya bi wannan ra'ayi. Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta, domin takarda da tawada da wahalar marubuci ake biya, maganar Allah ba ta da farashi. Abin lura shi ne, ko waɗanda suka ƙyamaci sayarwa, galibi mai sayarwa suke kallo. Ba wanda ya ce karatun da ka yi a mus'hafin saye ladansa ragagge ne. Wannan ƙarin namu ne.

To yanzu mu koma ɓangaren masu duba, a nan ne zan ɗan daɗe.

Wanda ya taɓa ganin bugun ƙasa ya san ba shi da wani kayan aiki. Yashi ne mai laushi a faifai ko a kan buzu. Mai duba ya shafe shi da tafin hannu, ya dangwala ɗige-ɗige a layi ba tare da ya ƙirga ba, sannan ya bi yana kashe su bibbiyu. A ƙarshe ko ɗaya ya saura ko biyu. Layi huɗu ke ba da siffa guda, shi ya sa siffofin 16 ne cif, lissafi ne kawai, ba za su wuce haka ba. Masu abin suna jingina shi ga Annabi Idrisu, kuma sunan da ya fi fitowa a littattafansu shi ne na Zanati, mutumin Arewacin Afirka. Yashi kuwa ga shi nan birjik a bakin kogin Kaduna, tifa-tifa ake kwasa. Littattafan ma bugaggu ne, suna nan a kasuwa. Idan yaro zai iya ɗebo yashi ya sayi littafi ya zauna, me ya rage wa tsohon mai sana'a? Izini. Sai ya ce maka, ai wanda ba a ba shi a hannu ba, ƙasa ba ta yi masa magana. Kun ga ke nan camfin ba yashi yake karewa ba, ƙofar shiga sana'ar yake gadi.

Na wuri ya fi ban dariya. Wurin nan da ake cewa kuɗi na ɓata shi, ai shi ne kuɗin kansa a ƙasar Hausa a da. Daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya 'yan kasuwa suka riƙa kawo shi. Lokacin da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Har yau muna cewa ba ni da ko wuri. Abin da kakanninmu suka sayi gero da goro da shi, yau an ce in ya bi ta hannun ɗan kasuwa ya mutu.

Kuma fa irin ilimin nan a rubuce yake tun da can. Muhammadu al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake tsara hatimi, wato murabba'in lambobin da ko ta ina ka haɗa jimilla ɗaya za ta ba ka. Masana lissafi har yanzu suna ambatonsa. Ya zuba abin a takarda, wanda ya iya karatu ya karanta.

Matasanmu masu TikTok za su ce, Malam, ai Turawa ma suna da irin wannan. Gaskiya ne. Suna da wata karta ta duba mai suna tarot, kati 78, kuma a cikinsu akwai masu cewa kunshinka na farko ba ka saya, sai an ba ka kyauta. To ita wannan karta a arewacin Italiya aka fara ta a ƙarni na 15, kuma wasa ake yi da ita a gidajen masu mulki. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka mai da ita abin duba a Faransa. Wadda ta fi yaɗuwa a yau kuwa, kamfanin buga littattafai ne ya fitar da ita a Landan a 1909, don a saya. Haja ce tun ranar haihuwarta. Camfin daga baya ya zo ya hau kanta.

Ina kuɗin yake shiga, tunda an ce ba a saye? Ai kun sani. Kafin alƙalami. Abin sadaka. Goron malam. Kuɗin turare. Kuɗin kayan haɗi. A ganina, wani ɓangare na wannan canza suna kunya ce ta kawo shi, domin hadisin Abu Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana ladan boka ƙarara. Wanda ya san da wannan ba zai so a ce ya yanka farashi ba. Amma ga inda cutar take: abin da ke da farashi ana taya shi, ana kwatanta shi da na shagon gaba, in ya lalace a mayar. Abin da aka kira sadaka fa? Wa ke taya sadaka? Wa ke cewa a dawo masa da ita? Baduku da ya ɗinke layar da fata, a fili yake faɗin kuɗin ɗinkinsa, a biya shi, kuma ba a taɓa cewa ɗinkin ya karya ta ba. Wanda ya rubuta ne kaɗai ba a yi masa tambaya.

Yanzu abin ya koma waya. Mace na cikin damuwar kishiya ko rashin haihuwa, sai ta faɗa hannun wani a WhatsApp. Zai ce mata, "Hajiya, ni ba na karɓar ko sisi, aikin Allah nake yi. Sai dai kayan aikin, kada ki kuskura ki saya da kanki, hannunki bai kamata ya taɓa ba. Turo in sayo." Yau baƙin bunsuru, gobe wani turare da sai a Nijar ake samu, jibi an ce aljanun sun ƙi karɓa sai an sake. Da za a bar ta ta je Kasuwar Kawo ranar Talata ta sayo bunsurun da kanta, da ta san kuɗinsa. Camfin ne ya rufe mata ido, ya buɗe mata jaka.

Hukuncin duba kuwa ba sabon abu ba ne a Kaduna, garin da aka shekara da shekaru ana jin tafsirin Sheikh Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello. Hadisi na cikin Muslim: wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa da taurari. Saboda haka wuri na saye da wuri na gado, duk kanwar ja ce.

Sai dai ba zan tashi ban yi wa kyauta adalci ba. Almajirin da malaminsa ya miƙa masa allo ko carbi ranar sauka, ba katako kaɗai ya karɓa ba. Duk lokacin da ya ɗauka zai tuna wanda ya karantar da shi, ya ji nauyin ya aikata abin kunya. Wannan gaskiya ne, ni ma ina da irinsa a gida. Amma tsarabar Makka da muke rububi, da yawanta daga Sin ake ƙero ta, wani alhajin ma sai ya sauka a Kano yake cika jakarsa. (Dariya.) Ban kama suna ba.

Akwai tambaya? Na'am, Hajiya, a miƙa mata abin magana.

Ga waɗanda ba su ji ba, Hajiya ta ce carbin da ɗanta ya kawo mata daga Madina ya tsinke, ta sayi wani a Kasuwar Barci, amma maƙwabciyarta ta ce ta ajiye shi har a samu mai zuwa Umara. Hajiya, ja abinki, Allah ya karɓa. Ko da yatsu kika yi ya isa, haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake ƙirgawa. Abu ɗaya zan ce ki duba: ki sa jikanki ya ƙirga miki ƙwayoyin, don masu arahar nan wani lokaci sai ki tarar 32 ne a tsakani maimakon 33. In bai cika ba, ki mayar wa mai shagon ya canza miki, tunda da kuɗinki kika saya.