Amsoshin Tambayoyinku: Rubuta Labaran Iyaye da Kakanni

Assalamu alaikum masu sauraronmu, barkanmu da sake saduwa daga nan Damagaram. Wasiƙarmu ta farko ta fito daga wata baiwar Allah a unguwar Birni, wadda take so ta rubuta tarihin kakarta, sai dai duk lokacin da ta tambayi shekarar haihuwarta ko ta aurenta, tsohuwar takan ce Allah ne masani.

Malama, kakarki ba mantuwa ta yi ba. Mutanen da ba su riƙe shekaru da lambobi, da abin da ya auku suke riƙe su, saboda haka ta wannan hanya za ki bi da ita. Ki tambaye ta ko tana budurwa ne ko tana ɗakin miji lokacin da aka sami 'yancin kai, wato 1960, da kuma ɗan da take goyo a farin da ya kashe dabbobi gab da juyin mulkin Seyni Kunce na 1974, ko a yunwar 1984 da ake kira 'Yar Buhari. Idan ta ambaci abin da mahaifiyarta ta faɗa mata game da yunwar da ake kira Kakalaba, kin koma wajajen 1913 zuwa 1914, kafin Turawan Faransa su ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Ita ta kawo labari, ke ki sa shekara a gefen takarda.

Kada ki zauna gabanta da alƙalami kamar mai ƙidayar haraji, domin bakinta zai mutu. Ki nemi izininta ki kunna naɗin murya a wayarki, sannan ki jawo tsohuwar tasar jerenta ko zanen saƙin da ke ƙasan akwati, ki tambayi wanda ya saya da kasuwar da aka saye shi. Daga nan za ki ji sunan kishiya, da sadakin da aka biya, har da waƙar da suke yi a bakin turmi. Sunan mijinta da na ɗan farinta kuwa, ba za ta kama su ba saboda alkunya, sai ki nema wajen gwaggonninki. In kin zo rubutawa, ki bar maganarta da Damagarancinta yadda ta fito, kada ki gyara mata.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ce a Mirriya. Ya ce baffanninsa biyu sun saɓa, ɗaya ya ce kakansu daga Barno ya zo, ɗayan ya ce fatauci ne ya kawo shi daga Kano.

Malam, ba kai za ka raba gardamar ba. Ka rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa, da wanda ya jiyo a wurinsa, da ranar da kuka zauna. Sau da yawa duka gaskiya ne, domin ɗaya zuriyar uba yake bi, ɗayan ta uwa. Ka kuma duba gafakar tsofaffin gidan, don malamai sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen littattafansu. In ka samu, ka ɗauki hotonsa, ka kwafe shi a littafinka, ka mayar da takardar inda ka same ta.