Gangarar da ta sha kan jirgin ƙasa shekara 25 a Kanada

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau zan kai ku yammacin Kanada ne, cikin duwatsun Rocky, wajen wata mashiga da ake kira Kicking Horse, sunan ma ya samo asali ne daga wani mai bincike James Hector da dokinsa ya harbe shi a yankin a 1858.

Shi jirgin ƙasa ba ya son tudu ko kaɗan, don ƙarfe ne ke gudu kan ƙarfe, in hawa ya yi yawa ƙafa ta dinga sulɓewa, in gangara ce kuma birki ya kasa riƙe nauyi. Shi ya sa gwamnatin Kanada ta gindaya wa kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific sharaɗi, a duk tafiyar mita 100 kar layin dogo ya hau ko ya gangara fiye da mita 2.2. To amma a 1884 kamfanin kuɗi sun ja baya, ga gaggawar a haɗe gabas da yamma, fasa dutse kuma sai ya ci lokaci, sai suka roƙi a bar su su shimfiɗa layin wucin gadi ya gangaro kai tsaye zuwa garin Field, mita 4.5 a duk 100. Ninki biyu kenan har da ɗoriya. Aka yarda.

Jirgin 'yan aiki na farko da ya gwada gangarar ƙwacewa ya yi ya faɗa kogi, mutum 3 suka rasu. Maimakon a tsaya a sake tunani sai aka ƙirƙiro dabaru. Aka yi rassan layi guda 3 masu hawa tudu, kowanne da mai gadinsa, kuma kullum hanya a karkace take zuwa reshen, sai direba ya busa usur ya nuna jirgi na hannunsa sannan a buɗe masa babban layi, in ba a ji usur ba to ya tafi can ya ci karo da tudu. Jirgin fasinja bai wuce mil 8 a awa, na kaya mil 6. Wajen hawa kuwa kan jirgi 4 ake haɗawa su ja tan 710 kacal. Ni abin da ke taɓa min zuciya shi ne ma'aikatan birki da direbobin nan, kullum mutum ya fito daga gida ya san gangarar da zai bi ba a yi ta bisa ƙa'ida ba, kuma abin da aka ce na ɗan lokaci ne ya kai shekara 25 ana fama.

Sai a 1907 aka fara gyara na gaskiya. Injiniya John Schwitzer ya ɗauko dabarar da aka yi a layin Gotthard na Suwizalan, wato tunda ba a rage tsayin dutse, to a ƙara wa hanya tsawo. Hanyar lafiya ai a bi ta da shekara. Aka fasa rami cikin dutsen Cathedral mai tsawon mita 992, jirgi ya shiga ya yi kewaye a ciki kamar nadin gammo ya fito ƙasa da inda ya shiga, ya tsallaka kogi ya sake shiga wani ramin cikin dutsen Ogden mai mita 891 ya ƙara kewayawa. Leburori wajen 1,000 suka yi aikin, aka buɗe a 1909. Tafiyar mil 4 ta koma mil 8, gangara ta dawo 2.2, kan jirgi 2 suka isa jan kayan da ya fi na da. Har yau in jirgi mai tsawo ya zo za ka ga kansa ya fito daga rami yana wucewa ta ƙarƙashin taragunsa na baya da ba su gama shiga ba, masu yawon buɗe ido na tsayawa bakin titi suna kallo, titin ma wani ɓangarensa kan tsohon layin aka shimfiɗa shi.

Amma fa dutsen bai daina haɗari ba. Ranar 4 ga Fabrairun 2019 wani jirgin hatsi mai tarago 112 da aka tsayar a kan gangarar cikin tsananin sanyi, iskar birkinsa ta zurare, ya fara gangarowa da kansa, ya kauce daga layi a tsakanin ramukan biyu. Ma'aikatansa 3 duk suka rasu.